Gyaran da Na Yi wa Kujerar Likita

Shekarun baya, wajajen ƙarshen shekarun casa'in, ina da ɗan shagon kafinta a unguwar Ridina ta Injamena, cikin wani lungu da amalanke biyu ba sa iya wuce juna. Lokacin ban daɗe da barin hannun maigidana ba, kuma ina ji da kaina ƙwarai. Abin da na fi gwaninta a kai shi ne manyan kujerun falo, irin masu sassaƙar fure a ka da hannuwa, a shafe su da ruwan gwal, a lulluɓe su da karan-miski. Sai ƙarti huɗu sun taru kafin a ɗaga guda ɗaya. A ganina na wancan lokacin, nauyin kujera shi ne darajarta. In attajiri ya zo ya gwada ɗagawa ya kasa, sai in ji kamar an ba ni kyautar riga.

Gidanmu 'yan kasuwa ne tun zamanin Faransa, ni kaɗai na bauɗe na kama zarto. Mahaifiyata ba ta taɓa hana ni ba, sai dai takan ce duk gidan ni ne kaɗai nake dawowa da garin katako a gashi. A shagon muna tare da wani abokina, Bakano, da bai fi shekara biyu da zuwa Injamena ba. Shi yake ɗinkin kushin, ni ina aikin katako. Larabcinsa bai nuna ba tukuna, don haka duk mai zuwa ni nake yi wa magana, shi kuma ya tsaya gefe yana kallo. Daga baya na gane ya fi ni gani.

Wata safiya a farkon bazara wata mata ta zo shagon. Malamar makaranta ce, za ta kai shekara arba'in, mai natsuwa. Da Larabci ta yi mini magana. Ta ce mahaifinta tsohon likita ne, yana zaune a unguwar Milezi, kuma kujerarsa ta soma girgiɗi a baya. An ce mata ni ne ustan da ya iya kujeru a unguwar nan. Jin an ce mini usta, wato gwanin sana'a, ban ma tambayi wace irin kujera ba ce, na ɗauki jakar kayan aiki na bi ta.

Gidan tsoho ne, mai ɗan lambu da bishiyar mangwaro. Likitan dogo ne siriri, gashinsa fari fat, yana zaune a kan wata kujera da ban taɓa ganin irinta ba. Gajera ce, ta kusa ƙasa, ta ɗan kwanta da baya. Ba ta da ƙafafu huɗu kamar kujerar mutane, ƙafa ɗaya ce ta ƙarfe mai yatsu biyar kamar ta kaza. Jikinta katako ne siriri guda uku, kowanne a lanƙwashe kamar ɓarin ƙwarya: ɗaya na zama, ɗaya na baya, ɗaya na kai. A cikin kowanne akwai kushin na baƙar fata da ta tsufa ta yi laushi. Gabanta kuma ga wata 'yar ƙarama ta ɗora ƙafa. Babu fure, babu gwal, babu komai. A raina na ce wannan ai ba a gama ta ba aka sayar masa.

'Yar ta taimaka masa ya tashi ya koma kan wani benci. Ta yi mini bayani cewa yana da ciwon zuciya, in ya kwanta a miƙe numfashi yana yi masa wuya, in kuma ya zauna a tsaye ƙafafunsa su kumbura. Wannan kujerar kaɗai yake samun hutu a kanta. A nan yake karatu, a nan yake cin abinci, barcinsa ma yawanci a nan ne.

Na juya kujerar na duba. Ashe hannuwanta ne suka haɗa katakon baya da na zama, kuma ba ƙusa ba noti a jikin katakon. Wata baƙar roba ce mai kauri aka manna da gam, ƙarfen hannun ya kama robar. Ta gefe ɗaya gam ya saki. Na kusa yin dariya. Turawa da duk iliminsu, a ce sun riƙe bayan mutum da roba da gam?

Likitan ya soma yi mini bayani a hankali, yana haɗa Larabci da Faransanci, cewa robar nan tana da aiki, a kula da ita. Ina ta gyaɗa kai ina cewa na'am, na'am, alhali na riga na gama yanke shawara tun kafin ya buɗe baki. Na ce masa kwana ɗaya ya ishe ni. Aka ɗora ta a amalanke zuwa Ridina.

A shago na ɓamɓare robobin duka, har na gefen da ba abin da ya same shi, na watsa su cikin kwandon shara. Na huda katakon baya, huji biyu ta kowane gefe, na zura manyan notuna na ɗaure tamau. Abokina yana kallo. Ya tambaye ni ko ba zan tsaya in ga dalilin da ya sa aka sa roba ba. Na ce masa dalilin rowa ne, ba su son kashe kuɗin noti. Ya koma kan keken ɗinkinsa.

Washegari na mayar da ita. Likitan ya zauna, ya jingina, ya ɗan motsa baya sau biyu. Sai ya ɗago ya dube ni.

"Usta, ta yi tauri."

"Ai haka ake so, Baba Likita. Yanzu har jikoki sai su gada."

Ya kai hannu baya ya shafa kawunan notunan da suka fito a jikin katakon. Ya yi mini godiya, aka kawo mini shayi, na sha na tafi ina jin na ceci tsoho daga sakacin Turawa.

Kwana shida bayan nan, na ɗago kai daga aiki sai na ga 'yarsa tsaye a ƙofar shago. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce jiya bayan azahar mahaifinta ya jingina, katakon ya tsage daga wannan huji zuwa wancan, bayan kujerar ya tafi da shi ƙasa. Ya bugu a kafaɗa da gwiwar hannu. Ƙashi bai karye ba, Allah ya kiyaye, amma tun jiyan bai runtsa ba. Ta ce ba ta zo neman rigima ba, ta zo ne ta ji ko akwai abin da za a iya yi.

Na rasa inda zan sa fuskata. Abokina bai ji duk Larabcin ba, amma ya ga yadda na tsaya. Bayan ta tafi na fassara masa, ya ce wannan shi ake kira gyaran gangar Auzinawa.

Abin da ya fara zuwa mini shi ne in biya da abin da na fi ji da shi. Akwai wata kujera da na gama wa wani ɗan kasuwa, mafi kyau cikin duk abin da na taɓa yi. Na sa aka ɗora ta a amalanke, muka tura har Milezi cikin rana. Likitan yana kan benci an tara masa matasai a baya, hannunsa a ɗaure. Na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce in tashi, kuskure ba ya kashe sana'a. Don kada ya ba ni kunya ya yarda aka ɗora shi a kan tawa. Na tsaya ina kallo. Sassaƙar furen da nake alfahari da ita tana tokarin ƙeyarsa. Bayanta a miƙe kamar bango. Ƙafafunsa suna reto, ba su kai ƙasa sosai ba. Bai fi minti biyar ba ya ce kyakkyawa ce ƙwarai, a taimaka masa ya sauko.

A ranar ne na ga ƙafafunsa da kyau. Sun kumbura har silifa ba ta shiga.

Ya ce wa 'yarsa ta ɗauko wani littafi a ɗaki. Babba ne, duk hotunan kujeru. Ya ce in matso kusa, kuma wannan karon na saurara. Ya ce a da can Turawa ma irin tawa suke yi, masu nauyi da sassaƙa, kujerar da za ta nuna wa baƙo cewa mai gida babban mutum ne. Sai wasu masu zanen gine-gine suka zo suka juya tambayar. Suka ce a bar maganar baƙo, shi mai zaman, ina bayansa yake son ya jingina, ina wuyansa, ina ƙafarsa? Ya nuna mini wata ta bututun ƙarfe, ya ce wanda ya ƙera ta kan keke ya kalla, ya ga yadda aka lanƙwasa ƙarfe ba tare da ya karye ba, ya ce me zai hana a zauna a kan irin wannan. Ya nuna mini wata doguwa da aka zana ta daidai da mutumin da ya kishingiɗa ya ɗaga gwiwa. Da ya zo kan irin tasa, sai ya ce wasu mata da miji ne suka yi ta a Amirka, kuma kafin su kai ga kujera sun daɗe suna lanƙwasa siririn katako don a ɗaure ƙafafun sojojin da suka karye a babban yaƙin duniya.

"Ka ga dalilin da ya sa ni likita na so ta," in ji shi. "Daga ɗorin karaya ta fito."

Ya ce robar kuwa, ita ce take ba katakon damar ya bi mutum in ya motsa. Da na ɗaure shi da noti, nauyin da roba take shanyewa sai ya koma kan huji. Ya faɗi haka ne kamar yana karantar da ɗalibi, babu zargi a muryarsa.

Ya kuma ba ni labarin yadda ta zo hannunsa. Wani malaminsa ne ya bar masa ita lokacin da yake karatu a Faransa. Ta biyo jirgin ruwa zuwa Duwala, daga nan babbar mota har Injamena. Lokacin yaƙin basasa da mutanen gari suka tsallaka kogi zuwa Kusiri, shi ma ya tsallaka da iyalinsa. Da suka dawo sun tarar an kwashe gidan har ƙyauren ƙofa, amma kujerar tana nan a yashe a tsakar gida. Ya yi 'yar dariya ya ce wataƙila ɓarayin ma sun ɗauka ba a gama ta ba. Na sunkuyar da kai, don abin da na faɗa a raina ke nan ranar farko.

'Yar ta ce ta tambaya a gari, babu inda za a sami irin katakon. In an rubuta Faransa kuwa sai an yi watanni, in ma an samu. Na ce a ba ni ɓallayen in tafi da su. Ta dubi mahaifinta, ya ɗaga mata kai. Har yau ban san me ya sa ya sake yarda da ni ba.

Mako biyu na yi ina fama. Na fara da sassaƙa guntun maɗaci in fitar da siffar. Da na kai shi siriri kamar na asali sai ya dare, da na bar shi da kauri kuma hannun kujerar ya ƙi zama. Na jiƙa filawud cikin ruwan zafi na gwada lanƙwasawa, ya karye mini a hannu sau uku. Sauran aiki duk na ajiye. Kowace rana in na tuna tsohon nan yana can kan benci da matasai, abinci ba ya yi mini daɗi.

Ana cikin haka mahaifiyata ta ce in raka ta ƙauyen Gawi ta sayo randa, zafi ya shigo kuma tata ta tsage. Na ce mata ina da aiki. Ta ce aikin da na yi mako biyu ina zagayawa kamar kaza da ƙwai a ciki, yini ɗaya ba zai rage shi ba. Na bi ta ba da son raina ba.

A Gawi tana can tana ƙwanƙwasa randuna tana ciniki, ni kuma na zauna a inuwar wani gini ina jira. Kusa da ni wata tsohuwa tana gina tukunya. Ta kife wata tsohuwar tukunya mai tsaga a baki, ta barbaɗa mata toka, ta ɗora curin yumɓu a kai tana bubbugawa da wani ɗan dutse har ya bi jikin ta ƙasan. Ta bar shi ya ɗan sha iska, ta ɗaga, sai ga gindin sabuwar tukunya daidai da tsohuwar. Na tambaye ta me ya sa take amfani da fasasshiya. Ta dube ni kamar wanda ya tambayi me ya sa ruwa yake jiƙa. Ta ce tukunyar ba ta riƙe ruwa, amma ai ba ta manta siffarta ba.

Mahaifiyata ta zo ta same ni a tsugune gaban tsohuwar ina ta tambaya: tokar me, yaya ake hana su mannewa, yaushe ake ɗagawa. A hanyar dawowa ta ce da ta san tukwane zan koma ginawa da tun ina ƙarami ta kawo ni.

Tun a ranar na haɗa ɓallayen katakon likita, na ɗaure su suka koma siffarsu. Na shafa musu mai a ciki, na barbaɗa toka yadda na gani, na zuba siminti. Bayan kwana uku na ɗaga, sai ga dunƙulen siminti mai siffar bayan kujerar. Daga nan na sayo filawud mafi siriri a kasuwa, na jiƙa shi har ya saki, muka riƙa ɓare shi falle-falle ni da abokina. Muka shafa wa kowane falle gam, muka jera su a kan simintin, muka naɗe da tsohon tiyub na mota da muka yayyanka tsiri-tsiri, muna ja iya ƙarfinmu.

Na farko ya yi siffa, har na soma murna, amma da na danna shi da gwiwa sai ya tsage a tsaye. Abokina ya ɗauki ɓallen asali ya fita da shi rana, ya daɗe yana duban bakin karayar. Ya kira ni ya nuna mini da tsinin allura. Fallayen ba gefe ɗaya suke kallo ba: wannan a tsaye, na bisansa a kwance, na gaba a tsaye kuma. Ya ce kamar saƙa ce, zare ba ya riƙe kansa sai an gitta masa wani. Mako uku ɓallen nan yana hannuna ban gani ba.

Na biyu muka gitta su, amma na yi gaggawar kwancewa, ya buɗe kamar bakin kada. Na uku na bar shi kwana biyar a ɗaure, ina wucewa ta gefensa ina kawar da kai. Da muka kwance, ya tsaya. Na hau kansa da ƙafa biyu, ya ɗan ba da kai ya dawo.

Saura roba. Waɗanda na zubar sun daɗe da tafiya juji. Na je wurin masu faci na yanko daga tayar babbar mota, na goge ta da sanfefa har ta yi daidai da gurbin. Wani makanike ya nuna mini irin gam ɗin da ake haɗa kala biyu kafin a shafa. Abokina kuma ya wanke fatar kushin ya shafa mata mai, ya ɗinke wurin da ya farke ranar faɗuwar. Muka haɗa kujerar, muka ɗora mata buhun siminti biyu ta kwana uku da su. Daga nan abokina ya riƙa danna bayan da hannu yana saki, sau ba adadi. Ni dai ban zauna a kanta ba. Wurin zaman dattijo ne, kuma ga abin da na riga na yi mata.

Ranar da muka mayar da ita, kwana arba'in da wani abu ke nan da faɗuwarsa. Ya rame, idanunsa sun faɗa. 'Yarsa ta riƙe shi ta gefe ɗaya, ni ta ɗaya, muka saukar da shi a hankali. Na ƙi sakin bayan kujerar. Ya ce in cire hannuna. Na cire. Ya jingina, ya ɗora ƙafafu a kan 'yar ƙaramar, ya motsa baya, kujerar ta bi shi ta dawo. Ya rufe ido ya yi dogon numfashi.

Katakon nawa ya fi sauran biyun haske, da gani ka san baƙo ne. Na ce masa zan dawo da fenti in daidaita kalar. Ya ce a'a, a bar shi haka. Waɗancan biyun daga Amirka suke, wannan daga Ridina, kowa ya tsaya da fuskarsa.

Bayan mako guda na koma in duba ko gam ya riƙe. Da azahar ne, zafi kamar a gasa gurasa, kuma ga shi babu wuta. Na tarar kumburin ƙafarsa ya ragu, har ya sa takalmi. Na zagaya kujerar na taɓa nan na taɓa can. Sai ya tambaye ni ko na taɓa zama a kanta. Na ce ban taɓa ba. Ya yi mamaki ƙwarai. Ya ce yaya mutum zai yi wa abu magani bai san lafiyarsa ba? Ya dafa sandarsa ya miƙe ya koma kan benci.

"Zauna, wiledi," ya ce, wato ɗana.

Na ce Baba Likita, jikina duk garin katako ne. Ya ce fata ce, ana gogewa.

Na zauna a baki-baki kamar baƙon da ya zo neman aure. Ya ce in jingina. Na jingina. Ya ce in ɗora ƙafa. Na ɗora. Abin da na ji shi ne kamar wani ya tallabe ni ta ƙugu da wuya a lokaci ɗaya, ya karɓe mini nauyin jikina. Na tuna ya soma yi mini wani bayani a kan kusurwar da ke tsakanin cinya da baya. Na tuna na ce na'am.

Kiran sallar la'asar ne ya tashe ni. Na buɗe ido na ga rufin ɗakin da ban sani ba. Can gefe ga tsohon da ke da ciwon zuciya a kan benci, da matasai a bayansa, yana karanta jarida. 'Yarsa tana bakin ƙofa ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Na yi zumbur na miƙe ina ba da haƙuri da harshe uku. Ya naɗe jaridar ya ce ita ta so ta tashe ni, shi ya hana. Ya ce a matsayinsa na likita ya ga mutumin da ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba, kuma a matsayinsa na mai kujera ya ga gyara ya yi.

Ya ƙara damina biyu a duniya. Nakan leƙa shi lokaci-lokaci, ya buɗe mini littafin nan mu yi ta kallo, yana gaya mini wace ce ta fara, wace ce ta koya daga wace. Da ya rasu na je ta'aziyya na zauna cikin maza a ƙofar gida. Da zan tafi 'yarsa ta aiko a kira ni. Ta ce a kan kujerar ya cika, bayan ya yi sallar azahar a zaune, ƙafafunsa a ɗore. Ta ce ta ga ya kamata in sani cewa kujerar ta riƙe shi har ƙarshe. Na fito, sai a hanya na tuna ko addu'a ban ƙarasa ba.

Har yanzu ina sana'ar, kuma kada in yi muku ƙarya, har yanzu masu fure da gwal su suke ciyar da gidana. Mutanenmu suna son kujerar da za ta cika falo, ni ma ban ga laifinsu ba. Abin da ya sauya shi ne, in an kawo mini gyara, ba na cire komai sai na san me ya sa aka sa shi, ko da ɗan guntun roba ne. In mai abu yana bayani, nakan ajiye abin da ke hannuna. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, to ni nawa ƙuƙumin ba a wuyana ya tsaya ba, wani bawan Allah ne ya yi kwana arba'in a kan benci saboda shi. Ya yafe mini tun ranar farko, amma in na tuna kumburarrun ƙafafun nan har yau sai na ji wani iri.

A bayan shago nakan yi wasu 'yan gajerun kujeru marasa ado, masu kwantawa da baya, ɗaya ko biyu a shekara. Masu shigowa sukan tambaye ni yaushe zan gama su. Ba na gardama da kowa. In na ga mutum ya zo da tsohonsa ko tsohuwarsa, sai in jawo ɗaya in ce a ɗan zauna a huta kafin mu gama ciniki. Sau da yawa cinikin yakan ƙare, a yi sallama, tsohon bai nuna alamar tashi ba.